Gurbin Fataka

Gwangwanin madara Baffa Hammayo ya bari,
ƙarƙashin gadon ƙarfe, a gidanmu na Herwagana,
an ɗaure bakinsa da tsumman tsohon rawani.
Ranar rabon gado kowa ya ɗaga, ya girgiza, ya ajiye.
Kuɗin da ba ya sayen ko ƙosai ɗaya,
ba wanda ya ce nasa ne, ni ma ban ce ba.

Amma ni ya biyo har ɗaki.
Na juye a faranti: anini, kwabo mai huda,
sisi ƙanana kamar farcen jinjiri,
sule mai bishiyar kwakwa, fataka mai furen gyaɗa,
da taro ɗaya tak, mai kusurwoyi, auduga a bayansa.
Shekara talatin Baffa yana awon auduga a Gombe,
bai taɓa ce mana ya ɓoye wata a jikin ƙarfe ba.

Gangancin farko nawa ne.
Na matse lemon tsami a toka,
na dirji fataka ɗaya har ta yi ƙyallin sabon kwano.
Da gari ya waye na kai ta bakin taga:
furen ya shafe, fuskar ta yi fari fat.
Ashe dauɗar da na wanke shekaru ce,
nadama kuwa ba ta taɓa maido da shekara ba.

Na biyu, albam ɗin hoto na sayo a Sabon Layi,
mai leda mai taushi, mai warin takalmin roba.
Marka ta zauna kwana tara,
ledar ta yi gumi cikin akwati,
kwabbaina suka yi kore kamar bakin rijiya.
Ranar ko tuwon dare ban ci ba.

Yanzu wuya ta koya mini hankali.
Farin kwali, ninki biyu, taga a tsakiya,
kowa da ɗakinsa, ba mai gogar kafaɗar ɗan'uwa.
Ta gefe nake kamawa, kamar mai ɗaukar garwashi,
don gumin yatsa gishiri ne, in ya zauna ya zauna.
Haƙoran sitefula na kwantar da su da filaya
kada su karci maƙwabci.
A ƙasa, da fensir, suna da shekara.
'Yan ƙunshin nan na cikin kwalin sabon takalmi,
masu shanye laima, na jefa uku a akwati.
Kundin yana tsaye kan kanta,
nesa da randa, nesa da bangon gabas da ruwa ke duka.
Ba na magana a kansa in yana buɗe.
Gara ta zagaya ɗakin kaf, ba ta gano hanya ba.

Jiya Nenne, autata, ta zauna a cinyata,
tana juya shafi da yatsa biyu yadda na nuna mata.
Ta danna tagar taron, ta kasa taɓa audugar.
Ta ce, "Baba, me suka yi ka kulle su?"
Na buɗe baki, amsa ba ta zo ba.

Sai na tuna da wadda na ɓata.
Na ɓalle kwalinta, na sa mata a tafin hannu.
Ta murza ta a siminti,
ta yi juyi, ta yi juyi, ta kwanta da ƙara,
irin ƙarar aljihun Baffa in ya sunkuya alwala.
Na kau da kai, na ce hayaƙin murhu ne,
alhali Inna ba ta hura wuta ba.

Shafi na huɗu, layi na biyu, gurbi ɗaya fanko.
Na goge shekarar, na rubuta: tana hannun Nenne.
Sauran suna kwance lafiya, ba tsatsa, ba ƙura,
ba kuma wanda ya ji muryarsu.
Ita kaɗai ce ke yawo a tsakar gida,
kuma har yau ba ta ɓace ba.